Filasma Ko Gawayi? Shawara Ga Mai Rijiyar Da Maganin Feshi Ya Shiga

Bayan la'asar kawuna ya kira ni daga garkarsa ta wajen Mirriya, da jin muryarsa na san ba lafiya ba. Yaron da ke yi musu feshi ya tsuguna a bakin rijiya yana haɗa magani, murfin kwalbar da ya cika ya suɓuce masa ya faɗa ciki. Da ruwan rijiyar nan ake ban shu da tumatir, daga ita kuma ma'aikata ke cika butar shayi da tulun sha. Kafin ma ya neme ni, ɗansa da ke jami'a ya riga ya turo masa wani bidiyo a WhatsApp: ruwa cikin gilashi, wata wuta mai ruwan shuɗi da ake kira filasma tana rawa a kansa, ana cewa cikin ƴan mintoci ta cinye gubar. "Ɗana," in ji shi, "kai ka koyar da shimi shekara da shekaru. Abin nan gaskiya ne ko dabo? In gaskiya ne, ƙungiyarmu ta yi karo-karo mu sayo?"

Na ce, "Kawu, gaskiya ne. Amma ku riƙe kuɗinku tukuna." Bayanin da ya biyo baya ya ci mana katin waya biyu, ban kuma gama ba. Shi ne nake ƙarasawa a nan, don na san tun daga garaken Mirriya har kwarin Korama, Matamai da Magariya da Gidimuni, ba shi kaɗai ne mai rijiyar da ke maƙwabtaka da fanfon feshi ba.

Da lissafi muka fara. Maganin dimetowat ne, irin mai giram 400 a kowace lita. Murfin kamar mililita 10 yake ɗauka, wato giram 4 na ainihin gubar. Rijiyar faɗinta mita 1.5, ruwan cikinta mita 2, kusan lita 3,500 ke nan, bidon 140 na lita 25. In ka raba, kowace lita ta ɗauki mikrogram 1,100 da ɗoriya. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dimetowat a ruwan sha mikrogram 6 ce. Murfi ɗaya tak ya ninka iyakar kusan sau 190, ruwan kuma ga shi garau, in ba wanda ya ga faɗuwar murfin ba, babu mai cewa wani abu ya same shi.

Wannan lissafin ya raba mana magana gida biyu, kuma duk wanda ya haɗa su zai yi sayen kifi a ruwa. Akwai ruwa mai yawa da guba kaɗan: rijiya, tabki, foraj ɗin da magani ya tsiyaya ya kai gare shi ta cikin rairayi. Akwai kuma ruwa kaɗan da guba mai yawa: ɗaurayen fanfon feshi, ragowar haɗi, wankin kwalabe da bidon na magani. Na farko ana so a sha shi ko a yi girki da shi. Na biyu kuwa so ake a rabu da shi ba tare da ya koma na farko ba. Dabarar da ta dace da ɗaya sau da yawa asara ce ga ɗayan.

Sunan maganin ma yana da muhimmanci, don ba halinsu ɗaya ba. Lamda da sifermetirin da ƙyar suke narkewa, laka suke kamawa. Parakwat yana manne wa yumɓu kamar kaska. Dimetowat kuwa narkewa yake kamar gishiri ya bi ruwa duk inda ya nufa. Atarazin, maganin haki, yana daɗewa a ruwan ƙarƙashin ƙasa bai ruɓe ba. Kwamitin Sahel na magungunan feshi, wanda ke ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, ya hana endosulfan a 2007, parakwat a 2011, atarazin a 2015, amma wanda ke cin kasuwannin kan iyaka ya san hani a takarda bai kwashe kwalabe daga kan tabarma ba.

Abubuwan da muka saba da su, mu sallame su da wuri. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa. Yawancin magungunan nan suna nan daram, in ma ruwan ya ƙone sai gubar ta ƙara kauri a abin da ya rage. Alif da ƴaƴan zogale laka suke kwantarwa, saboda haka suna rage waɗanda ke manne da laka, su bar narkakku. Tace ruwa da ƙyalle ya taimaka mana a yaƙin kurkunu, a nan ba shi da ta cewa. Jabel da Aquatabs, ƙwayoyin kulorin da ake jefa wa ruwan sha, su ne masu ruɗi: suna farfasa gilifosat, wani maganin haki, sosai, amma in suka haɗu da kulorfirifos, maganin ƙwari, sukan juya shi zuwa wani ɗan'uwansa da ya fi shi dafi.

Abin da wutar ke yi

Filasma iska ce da aka dake ta da wutar lantarki mai ƙarfi har ƙwayoyinta suka tarwatse, elektiron ya rabu da uwarsa. Mun san ta ba mu san sunanta ba: walƙiyar damina, hasken dogon ƙwan lantarki, tartsatsin mai walda. Wani masani ɗan Amurka, Irving Langmuir, ya raɗa mata sunan a 1928. Wadda ake wa ruwa aiki da ita ana ce mata mai sanyi, don elektiron ɗin ne kawai ke da zafi, ita iskar ba ta kai ta tafasa ruwan ba. Dabarar ma ba ta yau ba ce. Tun 1857 Werner von Siemens a Jamus ya haɗa bututun gilashi da ke samar da iskar ozon ta wannan hanya, birnin Nis na Faransa kuma tun 1906 yake tsabtace ruwan shansa da ozon. Sabon abin shi ne kawo wutar kanta ta taɓa ruwan.

Akwai wani nau'i mai ƙarafa biyu masu kama da ƙahon sa, tartsatsi ya tashi a gindinsu inda suka matsu, iska ta tura shi sama har ya tsinke, wani ya sake tashi. A Faransa aka ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1980, masana a jami'ar Yawunde ta Kamaru kuma sun daɗe suna gwada shi a kan gurɓataccen ruwa. Na faɗi haka ne don kada a ce abin sai Turai.

Idan wutar ta haɗu da iska mai laima, sai ta haifi tarin abubuwa masu cin duk abin da suka taɓa: ozon, ruwan oksijene irin wanda ake wanke miki da shi, hasken ultrabiyole, da gogan nasu, wani ɓarɓashin ruwa da ake kira hidroksil. A ma'aunin ƙarfin ci, kulorin da ke cikin jabel yana da 1.36, ozon 2.07, hidroksil 2.8. Ba ya zaɓe. Ya tarar da ƙwayar maganin feshi sai ya gutsure ta, wani ya zo ya ƙara gutsura, in an ba su lokaci abin da zai rage shi ne ruwa, iskar kabon da ɗan gishiri. Nan ne fifikon filasma yake, kuma fifiko ne na gaske: gawayi kama guba yake ya riƙe, osmos, na'urar da ke matsa ruwa ta cikin wata fata mai tacewa, tura ta gefe yake, filasma kuwa kashe ta take. Ba ka sayen sinadari, ba ka da dattin da za ka rasa inda za ka kai, ƙwayoyin cuta ma suna mutuwa a hanya. A 2019 masanan jami'ar Clarkson sun kai irin wannan na'ura cikin tirela wani sansanin sojan sama a jihar Ohayo ta Amurka, suka farfasa wasu sinadaran kumfar kashe gobara waɗanda kusan komai ya gagara a kansu. Ɗan kawu bai yi ƙarya ba.

Inda gizo ke saƙar

Kalmar "in an ba su lokaci" ita ce ta hana ni barci a kan maganar. Ƙwayar magani ba ta mutuwa da sara ɗaya. Dimetowat ɗin da ya faɗa rijiyar kawu, in aka fara cin sa aka tsaya a tsakiya, yakan koma ometowat, wanda ya fi shi illa ga jijiyoyin mutum. Malatiyon da kulorfirifos ma haka suke, kowanne da mugun ɗansa. Atarazin yakan rabe ya bar gutsattsari masu taurin kai. Saboda haka in ka ji an ce na'ura ta cire kashi 95 cikin minti 10, tambaya ita ce: uwar ce ta ɓace, ko har da ƴaƴan? An kashe maciji ba a sare kansa ba, shi ne ruwan da aka kashe masa wuta da wuri. Kuma ido ba ya gani, hanci ba ya ji, sai labo mai manyan na'urori.

Na biyu, iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin 100 nitirojin ce. Wutar tana ƙona ta ita ma, sai ta narke a ruwan ta zama nitirat da nitirit, ruwan ya yi tsami har ma'aunin tsaminsa, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya kai wajen 3. Iyakar nitirat a ruwan sha miligram 50 ce a lita, rijiyoyin garake kuwa da ma suna ɗauke da nasu daga takin zamani da kashin dabbobi. Jarirai ne ya fi ci, yana hana jininsu ɗaukar iska. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Ana kauce wa wannan da iskar argon, kamar yadda ƴan Clarkson suka yi, sai dai argon a tukunyar ƙarfe ake sayo ta, ba a tsintar ta a kasuwar Dole.

Na uku shi ne namu na gida, wanda ba za ka gani a bidiyo ba. Hidroksil ko kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba ya kaiwa a raye cikin ruwa, kuma tun da ba ya zaɓe, abin da ya fara karo da shi shi yake ci. A labo ruwa ne tatacce da magani kaɗai a ciki. A rijiyar garka akwai laka, ruɓaɓɓen ganye, da kanwa. Gishirin da ke cikin kanwa yana daga cikin manyan masu shanye hidroksil. Duk wanda ya sha ruwan wasu rijiyoyin gabas ya ji santsin nan a harshensa ya san abin da nake nufi. Wutar da ka biya don guba, kanwa ce za ta cinye rabonta. Abin dariyar shi ne ita kanwar tana taimakawa ta wata fuska: dimetowat a ruwa mai kanwa sosai rabinsa kan lalace cikin kwana 4 zuwa 5, a ruwan daɗi kuwa sai ya wuce wata biyu. Wannan ba izini ba ne na zuba kanwa a rijiya, na gaya wa kawu haka sau biyu don na san shi.

Sai wuta. Wani bita da masanan Jamus da Amurka suka wallafa a 2018 ya jera dabarun nan bisa wutar da suke ci kafin su rage guba zuwa kashi ɗaya cikin goma. Ozon yana sahun da bai kai kilowat-awa 1 ba a lita 1,000, filasma tana sahu na biyu da ya fi haka nesa. Mu ƙaddara 5 ne, don lissafi kawai. Rijiyar kawu tana bukatar a rage ta sau 190, wato zagaye biyu na irin wannan ragin da ɗan ƙari. Kusan kilowat-awa 40 ke nan. Pano mai wat 300 yakan ba da kamar 1.5 a wuni mai rana, ka ga aikin kusan wata guda ne na pano ɗaya saboda murfi ɗaya. Na layi kuwa, ba mu manta ba yadda aka katse wutar da ke zuwa daga Najeriya a Agustan 2023 ba ta dawo ba sai Maris 2024. Ƙara da cewa na'urar tana aiki da bolt dubbai, ƙurar hunturu ba ta jituwa da irin wannan wuta, ƙarafan suna cinyewa, ozon da ya tsere yana ƙona huhu, kuma mafi yawan gwaje-gwajen maganin feshi a lita ɗaya ko ƙasa da haka aka yi su. In ta lalace a Mirriya, mai gyaran rediyo za a kira ko mai walda?

Gawayi, da wanda ake kira gawayi

Gawayin tace ruwa an gasa shi ne a wuta mai tsanani, aka huda shi da tururi ko sinadari har ya zama duk ƙofofi. Giram ɗaya yana da fili a cikinsa da ya kai murabba'in mita 500 zuwa 1,500. Cokali biyu ko uku sun yi filin ƙwallo. Ruwa na wucewa, ƙwayoyin magani na maƙalewa a bangon ƙofofin. Ba ya son wuta, ba ya tsoron ƙura, ba ya ƙara wa ruwa nitirat, ba ya haifar da mugun ɗa. Atarazin, kulorfirifos da tsofaffin magungunan fara irin su diyeldirin, duk yana kama su da kyau. Shi ya sa manyan gidajen ruwa na Turai, inda doka ta ce kowane magani kada ya wuce mikrogram 0.1 a lita, suka dogara da shi, sau da yawa a bayan ozon.

Aibinsa uku ne, kuma gara a san su tun kafin a saya. Masu son ruwa ƙwarai suna zille masa: gilifosat kusan wucewa yake, dimetowat yana kamuwa amma yana saurin ɓullowa. Ba ya son gaggawa, ruwan yana bukatar minti 10 zuwa 20 a jikinsa, don haka ɗan filtir ɗin da ake ɗaurawa a bakin robine ruwa na feshowa, ɗanɗano kawai yake gyarawa. Mafi muni, in ya ƙoshi ba ya faɗa. Ruwan yana fita garau kamar jiya, gubar kuma tana wucewa. Sai an rubuta ranar da aka zuba shi, an ƙirga bidon, an canza shi tun bai cika ba. Laka tana toshe shi, shi ya sa ake sa tsakuwa da rairayi a gabansa. Ƙwayoyin cuta kuma suna yin gida a cikinsa, shi ya sa jabel ke zuwa a bayansa. Tsohon da aka cire, guba ce a dunƙule, ba na murhu ba ne, ba na turaren wuta ba.

Kawu ya ce, "To ai gawayi ga shi buhu-buhu a kasuwa." A'a. Na shayi da na guga a wuta mai sanyi-sanyi aka yi shi, ƙofofinsa cike suke da kwalta, kamunsa kaɗan ne ƙwarai. Amma akwai tsaka-tsaki. A ƙauyukan kan iyakar Tailan da Bama an yi shekaru ana gasa gawayi cikin tano mai huji a gindi da bututun hayaƙi a sama, wutar tana cin itacen daga sama zuwa ƙasa har zafi ya haura digiri 800, sannan a jera tano huɗu: tsakuwa, rairayi, gawayi, ma'aji. Bai kai na kanti ba, sai a rama da yawa. A Yamai kuma masana a jami'ar Abdou Moumouni sun yi gawayin tace ruwa da ƙwallon aduwa da na magarya. Abin da yara ke tsotsa su yar a bakin hanya ke nan. A ganina nan ya kamata ƙungiyoyin manoma su matsa wa masu ilimi, don kayan aikin yana ƙarƙashin itatuwanmu, ba sai an sare ko reshe ba.

Osmos ba sai na tsawaita ba, masu fiyawata sun fi ni saninsa. Fatarsa tana tare mafi yawan magungunan nan, har da nitirat da kanwa, abin da gawayi ba ya yi. Kuɗinsa ruwa ne: wani kaso mai yawa na abin da ya shiga yana fita ta bututun zubarwa, a ƙananan na'urori ma ya fi wanda aka tace yawa. A Damagaram, garin da ke zaune kan dutse, wanda ruwansa daga Gogo da Machaya da Arunguza har Ganaram ake janyo shi, garin da ƴan garuwa ke sarauta in bazara ta yi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan da aka zubar kuma shi ke ɗauke da kusan duk gubar, ta ƙara kauri. Wani Alhaji mai gidan fiyawata ya taɓa tambayata ko ya ƙara filasma don ya rubuta a leda. Na ce, "Alhaji, tukunyar gawayin nan da ke gaban osmos ɗinka, yaushe rabon da a canza abin cikinta?" Ya yi shiru yana lissafi da yatsu. Maganin yana gidansa.

Rana da ƙasa

Ga ɗaurayen fanfo da kwalabe, abokan takarar filasma ba su da kwarjini ko kaɗan. A Almeriya ta Sifaniya, ƙasar noman rumfunan leda, an gina wata masana'anta da ke wanke kwalaben magani, ruwan wankin kuma a bi da shi cikin bututan gilashi a rana tare da gishirin ƙarfe da ruwan oksijene. Hidroksil ɗin nan dai ake samu, amma rana ce ke biyan kuɗin wutar. Tana son a tsamama ruwan kafin a fara, a daidaita shi bayan an gama, saboda haka aikin masu sani ne. A Faransa wasu manoma ko wannan ba sa yi: kwami ne mai shimfiɗar leda a ƙarƙashin rufi, a zuba ɗauraye, rana da iska su shanye ruwan, a naɗe ledar da busasshen dattin a kai inda ake ƙona irinsa. In Faransa ta iya busar da ruwa da ranarta, ina ga Damagaram a watan Afrilu? Matsalarmu a nan inda za a kai ledar ce.

Wanda ya fi kwanta mini shi ne ramin wanki da aka fara a Suwidin a 1993. Rami ne mai zurfin kamar santimita 60, a daɓe gindinsa da yumɓu, a cika shi da haɗin rabi yankakken kara, rubu'i ƙasar gona, rubu'i ruɓaɓɓen taki, a shuka ciyawa a kai. A kansa ake haɗa magani, a kansa ake wanke fanfo. Haɗin yana riƙe gubar, naman gwari da ƙwayoyin ƙasa masu cin kara suna ruɓar da ita a hankali, makonni zuwa watanni. Abin da ruwan zafi ya dafa, in aka yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa. A ƙasarmu ta rairayi, inda ruwa ke kusa, yumɓu kaɗai bai isa ba, sai an yi masa siminti ko leda mai kauri, a nisanta shi da rijiya, a yi masa rumfa saboda damina. Da rani kuma kada a bari ya bushe ƙayau, don in ya bushe masu aikin cikinsa sun mutu. Tsofaffin magunguna masu taurin kai ba nasa ba ne. In haɗin ya zaizaye aka kwashe, sai ya shekara a gefe kan leda kafin ya ga gona.

Da ramin nan yana garkar kawu, da murfin a kan kara zai faɗi.

To wa zai ɗauki me? Mai rijiyar da magani ya faɗa wa rana ɗaya, ya daina sha nan take, ya sa injin ban ruwa ya kwashe ta ƙaf, ya bari ta kawo, ya sake kwashewa, sau da yawa. Ruwan da aka fitar ya fi haɗin fanfo rauni sau ɗaruruwa, ana iya baza shi a saura nesa da rijiyoyi da tabki da mashayar dabbobi, ba a kan salatin da za a kai kasuwa gobe ba. Lita ƴan kaɗan na esansi sun yi abin da pano zai yi wata yana yi. Wanda kuwa rijiyarsa ke tsakiyar garake, magani na tsiyaya mata kowace shekara, kwashewa ba ta raba shi da shi; ya nemi ruwan sha daga foraj mai zurfi in akwai, in babu ya haɗa rairayi da gawayi na ƙwarai da jabel, bi da bi. Mai sayar wa jama'a ruwa, gawayi da osmos, da littafin da ake rubuta ranar canji. Ƙungiyar manoma, ramin wanki ɗaya a inda kowa ke bi, da ɗauraye kwalba sau uku a juye cikin fanfo, abin da ke fitar da fiye da kashi 99 na ragowar, sannan a huda ta kada ta koma gidan wani ta zama ta man gyaɗa ko ta fura.

Filasma fa? Ina ganin wurinta, kuma ba na so a ce na kore ta. Wurinta inda ruwa kaɗan ne, gubar mai kauri ce mai taurin kai, akwai injiniya, akwai labo da zai duba ƴaƴan da aka haifa: ma'ajin magungunan yaƙi da fara da ɗaurayen gangunansu, ko ruwan da osmos ya zubar, ko a gaban gawayi don ta rage masa kaya shi kuma ya kama abin da ta bari. In ɗaliban jami'ar André Salifou ta Damagaram suka haɗa mai ƙahon sa, suka gwada ta da ruwan Gidimuni da na Mirriya maimakon tataccen ruwan labo, suka auna nitirat da wutar da ta ci, ni ne farkon mai zuwa kallo. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne wani ya sauke akwati mai walƙiya a gaban tsofaffi ya karɓi kuɗin albasarsu. Duk mai tallar irinta a tambaye shi abu huɗu: lita nawa a awa, wuta nawa, nitirat nawa a ruwan da ya fito, kuma wane labo ne ya auna gutsattsarin maganin a ruwan rijiya irin tamu.

Awon ma yana da ƙa'ida. Kwalbar gilashi ake so, ba ta roba ba, don roba tana shan wasu magungunan. A cika ta fal, a naɗe ta kada rana ta gan ta, a sa ta cikin ƙanƙara, a rubuta sunan maganin da ake zargi, don labo abin da aka ce ya nema yake nema. Yamai kusan kilomita 900 ce, sai a fara tambayar ma'aikatan kare tsirrai na jiha inda za a aika tun kafin a ɗebo. In kuwa wani ya riga ya sha har miyau na dalala, gumi na karyo masa, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, a bar maganar madara da manja, a ɗauke shi da kwalbar maganin a yi asibiti.

Kawu ya kwashe rijiyarsa sau biyar cikin kwana uku, tulun sha kuma yanzu daga fanfon gari ake cika shi a ɗoro a amalanke. Ramin wankin sun haƙa, mai siminti ya gama nasa. Da na je ranar Lahadi na tarar ana gardama a bakinsa: kara ya yi tsada bana, masu shanu sun ce ba za a zuba abincin dabba a rami ba. Wani dattijo ya kawo shawarar ƙaiƙayin gero da ɓawon gyaɗa, aka juyo ana kallona. Na ce a haɗa da kara ko da rabin abin da aka ce ne. Kawu ya aiki yaron nan mai murfi ya ɗebo dami biyu daga nasa rumbun.